Gangaren Gidan Ƙanƙara

Tayoyin baya suka sake yin ƙugi a kan gangaren sumunti, amma a-kori-kurar ba ta hau ba. Boureima ya leƙo ta taga. La'asar ta yi sakaliya, ga azumi, rabin Zongo na jiran ƙanƙarar da ya lodo kafin a sha ruwa. Gangaren gidan ƙanƙarar gwamnatin kuwa duk ɓarɓashin ƙanƙara ne da ruwa, santsi kamar an zubar da miyar kuɓewa.

"Kamarad direba, ka tare mana hanya!" in ji mai gadi, yana buga ƙyauren motar da sanda.

Motar ba ta daɗe a hannunsa ba, daga Legas maigidansa ya sayo ta. Gadar bayanta, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, irin nan ce wadda in taya ɗaya ta fara zamewa sai ta kamo ɗayar su ja tare. A yashin Kwatano ba ta taɓa kafewa ba, kuma babu mai shayin da bai gaji da jin labarin daga bakin Boureima ba. Sai dai yanzu da ya taka mai, ya ji gindin motar ya ɗan gusa hagu, wajen katangar da ke gefen gangaren. Tsohuwar motarsa ba ta yin haka: taya ɗaya ce ke juyawa a banza, ɗayar ta kafe ta riƙe motar a wurinta.

Yayansa Moumouni, wanda ke masa lodi, ya naɗe ƙafar wando ya kira 'yan dako. Kamar yadda suka saba, ba wanda ya tsaya a baya, kada sandunan ƙanƙara su zamo su karya mutum. A gefe ake turi. Moumouni ya shiga tsakanin motar da katanga ya kafa kafaɗa.

"Yaya, fito daga nan," in ji Boureima. "Ban yarda da wurin ba."

"Shekara nawa ina turi a nan? Yau ne za ka koya mini? Taka, mutane na jin ƙishirwa."

'Yan dako suka yi dariya, motocin baya suka dame wurin da oda. Boureima ya ji kunyar a ce motar da yake cika baki a kanta ta gaza a gaban jama'a. Ya taka mai da ƙarfi.

Tayoyin biyu suka zame lokaci guda. Gindin motar ya kwashe hagu, ya daki wani abu da bai yi ƙarar bulo ba. Sannan roba ta sami busasshen sumunti, motar ta haye sama sumul.

Ba wanda ya yi shewa. Odar ma ta tsaya. A madubi ya ga 'yan dako sun ɗora hannu a ka, mai gadi ya yar da sandarsa yana gudu wajen katanga.

Boureima ya kashe inji. Hannunsa na kan marfin ƙofa, ya kasa buɗewa.

"Yaya?" ya kira, bai waiwaya ba.