Ayar da Baba Aondofa Ya Nema

Zuhra ce ta fara gaya mini. Shagonta na man shafawa yana manne da shagona na ɗinki a kasuwar Lafiya, shekara tara ke nan muna jin tarin juna ta bangon langa-langa. Wata ranar Talata ta shigo, ta ɗora hannu a kan kekena ta tsayar da shi, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Mwuese, jiya 'yarki ta zo wurina bayan kin tafi sayen zare. Kirim take nema."

"Wane irin kirim?"

"Na bilicin. Wai wanda ya fi ƙarfi. Na ce mata babu, alhali ga shi nan cike da kanta. Amma kin san ba ni kaɗai nake sayar da shi a kasuwar nan ba."

'Yata Hembadoon shekararta goma sha uku. Baƙa ce wuluk kamar ubanta, fatarta sumul, ko ƙurji ba ta taɓa yi ba. Ni kuwa aikina auna mata ne, na ga abin da kirim ɗin nan yake yi kusa da kusa: kumatu a ƙone, jijiya kore shar a damtse, wuya ya ƙi yarda da fuska. Na rufe shago tun kafin la'asar.

Na sami Hembadoon tana tsince riɗi a tsakar gida. Ban yi wani kewaye-kewaye ba, don ban iya ba. Ta yi ta musu, daga baya ta fashe da kuka.

"Mami, sun sake ba ni Ham."

Bari in yi bayani. A cocinmu, inda Tibi da Eggon da Alago da Migili suke haɗuwa su yi sujada da Hausa, duk shekara ranar godiyar kaka yara suna yin wasan Nuhu. Bayan an tara doya da gyaɗa a gaban bagadi, sai a fito da jirgin kwali. Ruwa ya janye, Nuhu ya sha ya bugu ya kwanta tsirara, ɗansa Ham ya gan shi ya yi dariya, 'yan'uwansa Shem da Yafet suka rufe shi. Sai Nuhu ya farka ya nuna Ham da sanda ya ce, daga yau kai baƙi ne, kai da zuriyarka, kuma bawan 'yan'uwanka. Nan ne jama'a suka fi so. Ham ya faɗi yana birgima, coci ya kaure da dariya.

Da can gawayi ake shafa wa yaron. Daga baya wani mai dabara ya ce me zai sa a ɓata gawayi, a ba wanda ya fi kowa baƙi kawai, ko mace ko namiji. Shekara uku ke nan a jere 'yata ce take fin kowa.

"Har a makaranta Ham suke kirana," in ji ta. "Idan an ce a share aji sai su ce bawa ya tashi. Idan na yi haske kaɗan za su ba wani."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ni nake ɗinka kayan wasan. Farin yadi na Yafet, mai ruwan ƙasa na Shem, na Ham kuwa buhun gari ne nake huda wa wuya. Da hannuna na auna 'yata na sa mata buhu har sau biyu, na zauna a layin Zumuntar Mata ina dariya da tafi. Kunya ta kama ni, sai ta juye ta zama fushi, fushin kuma ya rasa inda zai sauka.

Na ɗauko Littafi Mai Tsarki don in ga da idona yadda Allah ya yarda da wannan. Gaskiya ban taɓa karanta wurin ba, don a ganina na riga na san shi tun ina goye. Na karanta na Hausa. Na ɗauko na Tibi na uwata, wanda bangonsa ya cire. Na sa Hembadoon ta karanta mini na Turanci na makaranta. Buguwa tana nan, tsiraici yana nan, la'ana ma tana nan, amma ba a kan Ham ta sauka ba, sunan ɗansa Kan'ana aka kira. Maganar launi kuwa, ko baƙi ko fari ko ja, babu ita ko ta rantsuwa.

Mijina Terkimbi direba ne a hanyar Makurɗi, mutum ne mai son zaman lafiya har ya yi yawa. Da na nuna masa sai ya sosa ƙeya.

"Abeg, Mwuese, ka bar wannan magana. Baba Aondofa ne ya kawo diraman nan tun cocin yana rumfa. Shi ya tsaya mana ranar aure. Za ka je ka ce masa ƙarya yake?"

"Zan ce masa ya nuna mini."

Na je wurin fasto. Yaro ne sabon zuwa, ga ilimi ga ladabi, sai dai tsoron dattawa kamar me. Ya ce ai ya sani sarai. Ya ce tsohuwar fassara ce da masu cinikin bayi suka riƙe don su wanke kansu, kuma koyarwa ta gaskiya ita ce daga mutum ɗaya Allah ya yi dukan al'ummai. Ya yi mini wa'azi mai daɗi ni kaɗai a ofis, ƙofa a rufe.

"To, Fasto, ka faɗi haka ranar Lahadi."

"Mama, a bi a hankali. Bari wannan shekara ya wuce, baɗi sai mu gyara."

Na ce masa fatar 'yata ba za ta jira baɗi ba. Na fito na bar shi yana gyaran tabarau.

Ranar Asabar da yamma ake gwajin ƙarshe a gindin mangwaron bayan coci, kuma ranar nake kai kaya. Na tafi da Hembadoon, ba buhu ba yadi, sai Littafi uku a leda. Yara kusan ashirin suna wurin, da matan zumunta suna goge kujeru, da Baba Aondofa a kan bencinsa. Ya haura saba'in, dogo ne, siriri, kuma duk cocin babu wanda ya kai shi baƙi, har da 'yata. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, don ban zo raini ba.

"Ina kayan yara, 'yata?"

"Baba, suna shago, na gama su. Amma ba zan kawo ba sai ka nuna mini inda aka rubuta cewa Nuhu ya mai da Ham baƙi."

Matan suka daina goge kujeru. Wata ta ce, "Kai, Mwuese!" Baba ya yi dariya irin ta babba da yaro.

"Wannan kowa ya sani. Tun kafin a haife ka nake koyar da shi."

"Shi ya sa na zo wurinka, Baba. Ga Littafi."

Ya karɓa da fushi, ya buɗe wurin nan take ba tare da lalube ba. Ya sa yatsa yana bin layi, leɓensa yana motsi. Ya kai ƙarshen babin, ya koma sama. Ya juya shafi ya duba na gaba, ya dawo.

"Wannan sabon bugu ne. Sun canja."

Na miƙa masa na Tibi. Ya gane shi, don tare da uwata suka yi ajin baftisma. Wannan karon ya daɗe. Ni kuwa ina durƙushe, gwiwata tana zafi a kan tsakuwa, na ƙudura ko za mu kwana a nan ba zan tashi ba.

"To, idan ba daga Ham ba," ya ce, muryarsa ta ɗaga, "daga ina baƙin mutum ya fito? Ka gaya mini, tunda ka zama malami!"

"Ban sani ba, Baba, ni tela ce. Abin da na gani shi ne uba ɗaya ne ya haife mu duka, kuma ba a faɗi launinsa ba. Wanda ya ce la'ana ce ta yi mu, shi zai kawo ayar."

Ya rufe Littafin, ya sake buɗewa. Sannan ya ce idonsa ba ya gani sosai da yamma, a kira masa yarinyar. Hembadoon ta matso. Ya ba ta na Hausa ya ce ta karanta da ƙarfi, tun daga inda aka fito daga jirgi. Ta karanta, muryarta can ƙasa.

"Ba ka tsallake layi ba?"

"A'a, Baba."

"Sake."

Ta sake. Yaran da suke kiranta bawa suna tsaye cirko-cirko, wanda zai yi Nuhu yana riƙe da sandarsa bai san inda zai ajiye ta ba.

Da Baba ya buɗe baki, ba da ni yake magana ba.

"A ƙauyenmu, bayan Doma, malamin da ya koya mana karatu yana da wani hoto babba. Mutum uku, ɗaya fari, ɗaya ja, ɗaya baƙi yana durƙushe. Ya kira ni gaban aji ya tsayar da ni kusa da hoton. Shekarana tara." Ya dubi bayan hannunsa. "Ban taɓa neman ayan ba. Na ɗauka tunda ina ɗauke da shi a jikina, ba sai na nema ba. Na gaya wa yarana bakwai. Na ce su yi haƙuri da duniya, haka aka rubuta mana."

Na zo da shirin faɗa, na tanadi maganganu masu zafi tun daga gida, har na yi ta maimaita su a kan keke. Yanzu duk ba su da amfani. Tausayinsa ya kama ni, amma ban janye ba, don tausayi ba zai hana yarinya komawa kasuwa ba.

"Baba, gobe fa?"

Ya dubi Hembadoon, ya daɗe yana dubanta.

"Wa ya fara gaya maka cewa kai la'ananne ne?"

Ta dube ni. Na gyaɗa mata kai.

"Kai ne, Baba."

Ya runtse ido kamar an watsa masa barkono. Sannan ya dafa benci ya miƙe, ya ce wa yaran su mai da jirgin kwali sito, bana babu dirama. Wata daga cikin matan ta fara cewa ai jama'a saboda wasan suke cika coci, ya ɗaga mata hannu ta yi shiru.

"Gobe bayan an kawo doya, yarinyan nan zai hau gaba ya karanta wurin nan, kamar yadda ya karanta yanzu. Ni zan tsaya kusa da shi. In ya gama, zan gaya musu abin da na koyar shekara hamsin babu shi a ciki."

Hembadoon ta ƙanƙame Littafin a ƙirji. Na san abin da take tunani: mutum ɗari uku, da layin samari na baya, da 'yan ajinsu.

"Baba, idan suka yi dariya fa?"

"Ka karanta da ƙarfi kawai," ya ce. "In akwai dariya gobe, ni za su yi wa."