Guntun Rake a Tsiga

Mamuda ya daɗe yana jan bas ɗin Hajiya Baturiya tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Tun da aka gano masa ciwon suga ya rufe bakinsa, don ya san halin tasha: yau aka ji direba na yi wa kansa allura, gobe makulli ya koma hannun mai mota. Daga matarsa Rashida sai amininsa Aƙilu mai awo suka sani.

Ran nan ya yi allurarsa da safe, da niyyar ya karya a tasha. Sai ya tarar layi ya zo kansa, mota ta cika, Aƙilu ma na kujerar gaba zai je sarin dawa. Ya ce wa kansa ya ci a Bakori. A Bakori kuwa fasinja suka hana shi sakat, ya wuce.

Kafin Tsiga zufa ta karyo masa. Sitiyari na rawa a hannunsa, kwalta ta rabu biyu. A asibiti an gaya masa: in ka ji haka suga ne ya faɗi, ka tsaya, ka sa zaƙi a baki. In ya tsaya za a yi tambaya. Ya ƙara 'yar tafiya, har da ya ga tirela ta zama biyu, sannan ya gangara gefe, gaban wani mai rake.

Ya fito yana tangaɗi, ya wawuri guntu.

"Direban nan ko ya sha wani abu ne?" in ji wata mata daga baya.

Aƙilu ya diro ya fizge raken. "Haba Mamuda, kashe kanka za ka yi? Malam, kada ka sayar masa. Mai ciwon suga ne, allura yake yi."

"Ba ni... faɗuwa ya yi," in ji Mamuda, harshe na harɗewa.

"Ko za ka zage ni ba na ba ka. Me zan ce wa Rashida?"

Mamuda ya zube kan gwiwa, ya tsinci wani guntu a ƙasa, da ƙasar da komai ya tauna. Aƙilu ya tsaya kansa yana salati.

Can idon Mamuda ya washe. Ya huta, ya ci ƙosai, ya miƙe ya kakkaɓe riga.

"Bismilla, ku shiga mu tafi."

Ba wanda ya motsa. Wani ya riga ya hau sama yana kwance buhunansa. Wata tsohuwa ta jawo kajinta daga ƙarƙashin kujera.

"Allah ya ba ka lafiya, ɗana. Da ka faɗa mana tun a Funtuwa."

Suka tare wata motar layinsu. Direbanta ya leƙo, ya dubi Mamuda, ya dubi raken, ya ja.

Aƙilu ya rage shi kaɗai. "Wallahi don kai na yi."

"Na sani."

Mamuda ya bar shi nan, ya juya kan motar babu kowa ciki. Bai kai Bakori ba wayarsa ta fara ruri, Hajiya ce.