Ruwan Garkar Baba Yari

"Ku ɗaga ni in gani," in ji Baba Yari. "Ko su na sunka zo?"

Ni da 'yarsa Naja'atu muka jingina shi da bango ya leƙa ta taga. Ba masu gyara ba ne. Motar albasa ce ta wuce Aliero.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa a Mungadi. Shi ya ba da garkarsa kyauta, wata ƙungiyar taimako ta haƙa rijiyar burtsatse a ciki, ta miƙa wa hukumar ruwa ta yankinmu. Kai, mun ji daɗin shekarun nan! Da hantsi mata mu cika wurin, ana hira ana shewa, shi kuwa yana kan kujera yana korar awaki kamar wani hakimi. In na makara ya ce, "Safiya sarkin kwana, ruwa ya ƙare," alhali ga famfo yana zuba.

Sai injin ya tsaya. Hukuma ta ce wanda ya haƙa shi zai gyara. Ƙungiya ta ce ai ta miƙa, har hoto aka ɗauka. Tsohon nan ya yi ta zarya tsakanin ofisoshinsu a Maiyama da Jega har ciwo ya kwantar da shi.

In muka kawo masa ruwan rijiya sai ya kau da kai.

"Wanga ruwa gishiri garai. Ni dai in sha na garkata kahin in tahi."

"Za ka sha, Baba," in ji Naja'atu.

"Haka kinka ce jiya."

Ya rasu ranar Talata bayan la'asar. Da ruwan nan da ya ƙi aka yi masa wanka, abin da har yau yake ci mini rai.

Ranar addu'ar uku mutumin hukuma da na ƙungiya suka zo gaisuwa, aka shimfiɗa musu tabarma ɗaya. Ashe ba su taɓa zama tare ba. Bayan fatiha suka tashi, suka je suka duba injin. Ba a daɗe ba ruwa ya dawo.

Mata suka ja baya, aka bar Naja'atu ta fara tara. Ta cika moɗa, ta nufi ɗakin mahaifinta da sauri. A bakin ƙofa ta tsaya, moɗar na ɗiga a hannunta.