Kek ɗin Iya Bolanle

A shekarar 1973 Mairo tana aji bakwai a firamare. Gidansu a Gangaren Tudu yake, katanga ɗaya da gidan wani makanike mai suna Rasaki. Matarsa, Iya Bolanle, ita ce mace ta farko da Mairo ta taɓa gani tana gasa kek. Yashi take zubawa a wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe, ta ɗora gwangwanin ƙullun a kai, ta rufe, ta jera garwashi bisa murfin. Ranar da ta yi gashi, ƙamshin har ɗakin su Mairo yake shiga. Mairo ba ta taɓa tunanin koyo ba, ci dai take yi in an miƙo mata.

Wata rana Malama Mabel, mai koya musu girki, ta ce ranar bikin samun 'yancin kai za a yi gasa, kowace yarinya ta kawo abin da ta dafa da hannunta. Wannan ta ce waina, waccan ta ce dambu. Filomina, wadda kullum take gaban Mairo a jarrabawa, ta ce cincin za ta yi. Kafin Mairo ta ankara, bakinta ya ce kek. Ta kuma kasa janye maganar.

Ana saura kwana biyu ta shiga wajen Iya Bolanle, ta ce goggonta ce take kwance a Nasarawa, ba ta iya cin komai, kek kawai take ambato. Matar ta yi ta jajantawa da Hausarta mai karye-karye. Washegari da kanta ta tare Hapsatu mai tallar nono ta sayi man shanu sabo, ta fasa ƙwai shida, ta gasa kek mai faɗin faranti. Ta naɗe shi a tsumma mai tsabta, ta ce a gaida mara lafiya.

Mairo ce ta zo ta ɗaya. Aka ba ta kwanon sha mai furanni a gaban iyayen yara, ana tafi. Tana cikin murna ta hango Iya Bolanle tsaye kusa da teburin. Ashe ta zo kallon 'yarta Taiwo da ke cikin masu fareti. Matar ta daɗe tana kallon kek ɗin, sannan ta kalli Mairo. Malama Mabel ta tambayi Iya Bolanle ko ta san maƙwabciyarta tana da hannu haka.

"Yarinyar kirki ce," in ji Iya Bolanle. Ta ja hannun Taiwo suka tafi.

Kafin a watse Malama ta ce ranar Alhamis ta mako mai zuwa Mairo za ta nuna wa ajin yadda ake yi.

Kwana uku Mairo tana zagayawa ta bayan layi don kada su haɗu. Innarta kuwa sai nuna wa mata kwanon take yi, tana cewa ashe shigar da yarinyar ke yi maƙwabta ba ta banza ba ce.  A rana ta huɗu Mairo ta ɗauki kwanon ta shiga maƙwabta, ta tarar da Iya Bolanle tana tankaɗen fulawa. Ta durƙusa ta ajiye shi a gabanta.

"Iya, ba ni da goggo a Nasarawa."

Matar ta ci gaba da tankaɗe. Can ta ce ta sani tun ranar bikin, abin da ya fi mata ciwo shi ne addu'ar da ta yi ta yi wa matar da babu ita. Mairo ta so ƙasa ta tsage ta shige. Ta faɗi maganar Alhamis tana kuka. Iya Bolanle ta tura mata kwanon da ƙafa, ta ce ta wanke hannu, ta zuba man shanu da sukari a ciki ta yi ta bugawa sai ya yi fari.

Ta buga har kafaɗarta ta sage. Na farko ya ƙone ta ƙasa, na biyu ya lotsa a tsaka saboda ta buɗe murfin da wuri. Iya Bolanle ba ta tausasa mata ba, ba ta kuma sake tayar da zancen ba. Ta nuna mata yadda ake soka tsinken tsintsiya a ga ko ya fito a bushe, da yadda ake gane zafin yashi da bayan hannu. Da na uku ya taso, Mairo ta manta da kunyarta na ɗan lokaci, ta tsuguna tana kallonsa kamar wani abu mai rai.

Ran Alhamis kek ɗinta ya fito guntu, gefe ɗaya ya fi tudu. Filomina ta ɗanɗana ta ce ai wannan bai kai na ranar biki ba. Mairo ta ce gaskiya ne, na ranar ba ita ta yi ba. Wasu suka yi dariya. Malama Mabel ta ce ta dawo da kwanon gobe, aka ba Filomina.

Har ta gama makaranta ana kiranta Mai Kek, ba don yabo ba. Amma kowace Asabar tana gidan Rasaki, daga kek ta koyi burodi, daga burodi ta koyi miyar agushi, ita ma ta nuna wa Iya Bolanle yadda Inna ke kwaɓa alkaki. Bayan shekara shida Rasaki ya kwashe iyalinsa suka koma ƙasarsu. Lokacin Mairo tana ɗakin mijinta a Tudun Ƙofa, yaran unguwa sun riga sun san ranar da take hura garwashi.