Allurar da Mai Ɗinki Ba ta Samu ba

"Riƙe ni ta nan, 'yar nan, ƙugun ne ba ya son taɓi."

'Yar Boko ta sa hannu a hammatar Mai Ɗinki ta ɗaga ta, sai ta ji kamar kwandon wanki ta ɗauka. Zanen gadon ya sake jiƙewa da jini. Ta kau da kai, amma shi wari ba a kau masa da kai.

Bango ɗaya ya raba ɗakunansu a gidan haya. Tun da ta shiga jami'a ƙarar keken matar nan ke tashinta da safe, yanzu kuwa keken na lulluɓe da tsohon zane, nishi ne ke ratso bango. Sankarar bakin mahaifa ce, in ji asibiti, kuma an zo a makare. Yo ba dole ba? Mai Ɗinki ta daɗe tana tare jinin da ƙyallayen da suka ragu daga ɗinkin mutane, tana cewa al'ada ce ta rikice mata. Sai da buhun ƙyalle ya ƙare ta fara yanka sabon yadi, sannan mijinta ya gane akwai magana.

"Kin je?" Mai Ɗinki ta tambaya bayan an kwantar da ita.

'Yar Boko ta gane nufinta. Maganar rumfar da aka kafa a jami'a ce, inda ake yi wa 'yan mata rigakafin ƙwayar cutar da ke kawo wannan ciwo. Masu shirin, Allah ya ba su lada, sun rasa inda za su kafa ta sai ƙofar babban ɗakin lacca, daidai inda samari ke zama. Da aka ji cewa ta kwanciya ake ɗaukar ƙwayar, duk wadda ta shiga layi an gama yi mata hisabi. Wasu kuma na rantsuwa allurar kashe mahaifa take yi. Ga ƙanwar saurayin 'Yar Boko a ajinsu, yarinyar da magana ba ta kwana a bakinta.

"Anti, tsoro nake ji. In saurayina ya ji ya fasa auren fa? In kuma na kasa haihuwa?"

"Ni namiji ɗaya na sani a duniya, ga shi can yana wanke mini zane," in ji Mai Ɗinki. "Ciwon bai tambayi halina ba. Haihuwar kuma, kin ga tawa mahaifar yanzu, wa za ta haifa?"

"Mutane za su ce..."

"Su ce ɗin! Da a zamanina aka kafa rumfar nan, ko a tsakiyar kasuwa ce da na shiga." Ta tsaya ta maida numfashi. "Kin ce yau za su tashi. Je ki, ki dawo ki nuna mini da idona. Ban yarda da bakinki ba, 'yan boko kun iya tsara zance."

'Yar Boko ta isa da rana tsaka, ta yi ta kewaya rumfar kamar mai neman abin da ya faɗi. Tana shiga layi wani ya yi fito, ya ɗaga murya, "A'a, amarya, har da ke?" Dariya ta tashi. Ta hango ƙanwar saurayin ta ciro waya. Saura ƙiris ta juya, sai warin ɗakin nan ya dawo mata a hanci, ta zauna a kujera ta miƙa damtse. Kafin ta gama runtse ido nas ta manna mata auduga da filasta.

A hanya wayarta ta yi ta ruri a jaka. Ta san mai kiran, ba ta ɗaga ba, sauri kawai take.

Takalman mata ta fara gani, jibge a ƙofar ɗakin. Mijin na zaune kan bokitin da ya kife, hannunsa da sauran kumfar sabulu. Ya ɗago ya dube ta.

"Ta yi ta tambaya ko kin dawo," ya ce.

An ja wa Mai Ɗinki mayafi har fuska. 'Yar Boko ta ratsa tsakanin matan ta durƙusa a bakin gado. A hankali ta naɗe hannun rigarta har kafaɗa, ta juya damtsen wajen mayafin.