Shafin Auta

Tun ranar da aka zo ofis aka yi awon gaba da Auta, Edita ta rantse ba mai taɓa shafin baya na mujallarta. A nan ƙanen nata yake zuba waƙoƙinsa masu sa manya tsarguwa, su ne kuma suka kai shi gidan yari. Duk wata sai ta bar shafin fari fat. Jama'a kuwa ba wawaye ba ne: ɗalibai da direbobi, kafin su karanta labaran ciki, bayan suke fara juyawa.

Kewarsa ta hana ta sakat. Kujerarsa mai karyayyen hannu tana nan gindin taga, tabon kofin shayinsa yana kan tebur, ta hana a goge. Mutumin da ya ishe ta da surutu da latti, yau ga shirun ofis yana neman kashe ta.

Kwatsam sai ga jami'in tace rubutu da jan bironsa.

"Malama, farin shafin nan ya fi waƙoƙin tsokana. Ki cike shi, ko mu rufe mujallar."

"Yanzu shirun ma laifi ne, ranka ya daɗe?"

"Ni dai na faɗa miki."

In aka rufe mujallar, bakin da ya rage wa mutane ya tafi. Cike shafin kuwa, a wajenta, binne Auta ne da ransa. Ta wuni tana kallon kujerar. Can ta kira mai tsara shafuka, ta ce talla za su sa:

"Ana neman marubuci, mai taurin kai, mai latti, mai ɓarin shayi a takardun mutane. Kujerar a karye take. Za a jira."

Jami'in ya karanta, ya ce ai talla ce, ya buga hatimi.

Wata ya bi wata, tallar tana fitowa. Duk rashin aikin da ake fama da shi, ko mutum ɗaya bai nema ba.

Wata safiya wani dattijo ramamme ya yi sallama. Ya ce jiya aka sako shi daga gidan yari, ɗakinsu ɗaya da Auta, kuma shafin ya shiga musu ne an naɗe sabulu da shi.

"Ya ce in gaya wa Yaya yana son aikin. Amma ta yi haƙuri, zai ɗan yi latti."

"Ɗan banza!" in ji ta, tana dariya, hawaye na zuba. "Yaushe ya taɓa zuwa da wuri?"