Allurar Ranar Lahadi

Mama ba ta tsoron komai a duniya sai allurar asibiti. Matar da ta shekara talatin a kan keken ɗinki, yatsunta sun sha suka har sun kangare, amma da ta ga sirinji sai ta juya fuska bango ta runtse ido kamar 'yar goye. Shi ya sa da likita ya rubuta mata allurar nan ta mako-mako, mai rage ƙiba da saukar da suga, aikin ya faɗo hannun Auta, ƙaramar 'yarta, wadda ita kaɗai ta rage a gidan.

Allurar kamar biro take, mazauninta ƙofar firji, kusa da ƙwai. Kowace Lahadi da safe Auta za ta murɗa gindinta, ta ɗora a bayan dantsen Mama, ta danna, abin ya yi ƙas-ƙas-ƙas har ya tsaya. Wata uku ana haka. Mama ta faɗa, sugan ya sauka, har ta dawo tana hawa bene ba tare da haki ba.

Ita kuwa Auta a teburin karɓar baƙi na wani otal take aiki, kuma rigar aikinta ba ta da kunya ko kaɗan. Maɓallin tsakiya kullum a cikin wahala yake. Shugabar ma'aikata ba ta taɓa cewa komai ba, kallon maɓallin kawai take yi, sannan ta kalli Auta. Abokan aiki su ba su da wannan kawaicin, Katifa suke ce mata, ita ma tana taya su dariya don kar a ce ta ji haushi. Ta je wurin likita da kanta, ya auna ta, ya ce ba ta kai a rubuta mata ba, ta riƙa tafiyar ƙasa ta rage mai. Faɗi dai ba wuya.

Wata Lahadi ta tsaya a gaban firji da biron a hannu, ta ce wa kanta sau ɗaya ne kawai. Ta riga ta sayo allurar bitamin a kantin magani, jar nan da ake yi don ƙarin kuzari, ta lallashi zuciyarta cewa ai wannan ma magani ce, ba ruwa za ta ɗura wa uwarta ba. Mama ta juya fuska bango, ta runtse ido. Auta ta yi mata bitamin, ta shige banɗaki ta yi wa kanta ta likita a cinya.

Sau ɗayan nan sai da ya zama mako bakwai. Abinci ya fita ran Auta, maɓallin ya samu lafiya, aka daina ce mata Katifa. Kuma ba ta ji daɗin ko rana ɗaya ba. Duk wanda ya yaba mata sai ta ji kamar ya kama ta da kayan sata, musamman da ta ga Mama ta koma ajiye jug ɗin ruwa a gefen keke tana sha ba ƙaƙƙautawa.

Ranar ganin likita tare suka je. Ya duba takardar gwaji, ya cire tabarau, ya haska idon Mama da 'yar fitila, ya daɗe yana dubawa.

"Mama, sugan nan ya hau sosai, har ya fara taɓa ido. Abin da ya tafi kuma ba lalle ya dawo ba. Ana yin allurar kuwa?"

Kafin Auta ta haɗa kalma ɗaya Mama ta riga ta.

"Ana yi, likita, ba fashi. Laifina ne. Ina ɗan taɓa kayan zaƙi a ɓoye."

Likita ya yi mata faɗa son ransa, irin faɗan da ake yi wa yaro, tana ta cewa to. Auta ke dafa shayin gidan, ta san shekara guda ke nan Mama lami take shan sa.

Da suka koma gida rana ba ta yi sanyi ba. Mama ta zauna a keke ta jawo rigar aikin Auta, wadda za ta rage karo na uku. Ta lashi bakin zare ta nufi kafar allurar ɗinki, ta kuskure. Ta sake, ta kuskure. Macen da take zura zare tana hira ba ta ko kallo.

"Zo ki zura mini. Ki tsaya in auna ki tukuna."

Ta zagaya ƙugun Auta da tef, ta kasa karanta lambar, sai ta danne wurin da farce ta miƙa mata.

"Nawa ya ragu?"

"Inci huɗu." Auta ta saki tef ɗin. "Mama, akwai abin da zan faɗa miki."

"Waccan allurar ta likita tana ƙas-ƙas," in ji Mama, tana gyara zaman rigar a ƙarƙashin keke. "Wannan shiru take, ga zafi. Ido nake rufewa, Auta, ban taɓa toshe kunne ba."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ta farko."

"Me ya hana ki magana?"

"Na ji kin daina kuka a banɗaki kafin ki fita aiki. Na ce bari in ƙara miki mako ɗaya. Kullum sai in ce mako ɗaya."

Da ta zage ta, ko ta mare ta, da Auta ta samu inda za ta sa kanta. Sai ga shi ko faɗan ba a yi mata ba, an riga an karɓe mata shi a asibiti. Ta durƙusa ta zura zaren. Mama ta taka keke, ɗinki ya tafi daga hammata zuwa ƙugu. Ta yanke zare, ta ɗaga rigar saitin taga, ta matso da ita, ta nesanta ta, sannan ta miƙa wa Auta.

"Duba mini. Ya miƙe?"

A duk unguwar ba wanda ya taɓa dawo wa Mama da ɗinki don ya karkace. Wannan kuwa ya kauce wa layin alli kusan faɗin yatsa. Auta ta buɗe baki za ta ce ya yi, don ƙarya ta saba da harshenta a makonnin nan.

"Bai miƙe ba, Mama," ta ce.

Mama ta gyaɗa kai, ta lalubo abin farke ɗinki a kan tebur, ta miƙa mata.